Tumbin Yaya Illa a Shekarar Jar Dawa

Duk wanda ya san Yaya Illa ya san ba ya shiga ƙofa sai ya ba tumbinsa hanya. Zai tsaya a bakin zaure, ya ɗora tafin hannu a kan cikin nan, ya ɗan bubbuga shi, ya ce, "Bismilla, Alhaji. Kai ne babba, shiga, ina biye." Ko gidan suna ne, ko gidan rasuwa, ko masallaci. Shi kansa bai taɓa taka Makka ba har ya koma ga Allah. In an tambaye shi dalilin sunan, sai ya ce abin da ke riga mutum isa ko'ina, kuma a matsa a ba shi wuri, ai ya wuce a kira shi gatsau.

Ni ce Habsu, ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mijina ya rasu na komo gidansa, shi ma matarsa ta riga ta rasu, saboda haka tukunyarsa a hannuna take har ranar da aka fita da shi. Ku yaran yanzu da tsufansa kuka san shi, yana ɗaga kaya a bayan gida kuna leƙe ta katanga kuna ƙyalƙyala dariya. Na gan ku. Ba wanda ban gani ba, har da waɗanda yau suka tara gemu suke zaune a gabana kamar mutanen kirki. To ku gyara zama ku ji mafarin abin, don ba wasa ne ya kai shi ba.

Ƙibarsa gado ce. Haka kakarmu ta wajen uba take, haka wani baffanmu na Ingal. Ba ci ba ne. Ci kuwa! Mutumin da fataucin gishiri ne sana'arsa, yana sayen kantu wajen ayarin Bilma da ƙananan dunƙule na Tagidda yana sayar wa mutanen Damargu, amma in na zuba gishiri a miya sai ya zo ya tsaya a kaina yana kallon yatsuna. Ganyen shayi kuwa sai ya dafa shi ya sake dafawa har ruwan ya fito fari kamar na alwala, sannan ya shanya ganyen a kan katanga don gobe. Wani baƙo ya taɓa kurɓa ya ce, "Illa, wannan shayi ne ko ruwan zafi?"

Ya ce, "Sha, ɗan'uwa. Shayi ne mai tarihi. Manyan mutane sun sha shi kafin kai."

Sai aka shiga shekarar fari. Ba zan ba ku labarinta duka ba. Waɗanda suka gani ba sa son a tuna musu, waɗanda ba su gani ba kuma ba za su yarda ba. Damina ta zo ta wuce, rafin Telwa bai kawo ko ruwan wanke hannu ba. Mutanen daji, masu raƙuma da awaki, waɗanda jiya-jiya muke sayen cuku a hannunsu, suka gangaro ba dabba ko ɗaya, suka kafa bukkokin tabarma a bakin gari. Mulkin soji ne lokacin. Kamiyo, manyan motocin kaya, na zuwa da buhunan taimako, wata jar dawa mai taurin kai wadda ko hannunka zai tsage a turmi ba ta laushi. A sauke ta a magaza, wato ɗakin ajiyar gwamnati, a raba unguwa-unguwa. Soji kuma ba sa wasa da hatsin nan. Kowa ya ji labarin waɗanda aka samu da buhu a ɗaki, aka jefa su mota, iyalinsu suka daɗe ba su ji ɗuriyarsu ba.

Dattawan unguwarmu suka zauna kan wanda za a ba tiya, wato kwanon awo, ya riƙa auna wa mutane rabonsu. Ba su daɗe ba suka ce Illa. Dalilinsu ɗaya ne: wanda ba ya iya ƙara wa kansa ganyen shayi ba zai ƙara wa kowa ƙwayar dawa ba, ko da surukinsa ne. Gaskiyarsu kuma. Abin da ba su duba ba shi ne yadda zai zama a ido, a jera mutane a sahu duk haƙarƙarinsu a waje, a gaban sahun kuma ga mutum ɗaya zaune da tumbi a kan cinya.

Wata safiya ina tsaye a gefe, wata mata daga cikin mutanen bukkoki ta miƙa zanenta a zuba mata. Ba tiyar take kallo ba, cikinsa take kallo. Ta ce, "Malam, wata nawa ne?"

Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Sai wani daga can baya, har yau na san muryar amma ba zan kama suna ba, ya ce, "Ba ciki ba ne. Magaza ce ta biyu."

Aka sake dariya, amma ba irin ta farko ba ce. Ran nan Yaya ya dawo gida ya shige zaure kai tsaye, bai ba kowa hanya ba. Ya zauna a kan tabarma ya ce, "Habsu, kin ji?"

Na ce, "Da kunnena."

Ya ce, "Yau da dariya aka faɗa. Gobe wani zai faɗa ba dariya. Jibi ta kai kunnen soji."

Na ce, "To ka mayar musu da tiyarsu mana. Gadon ubanmu ce?"

Ya ce, "In na mayar, na amsa laifin ke nan. Sunan babanmu ne a kaina, Habsu." Ya sunkuya ya dubi cikinsa ya daɗe, sannan ya ce, "Alhaji, mun yi zaman mutunci da kai. Amma sai ka tahi."

Dabararsa ta farko ita ce ta kowane wawa: ya daina ci. Ruwa da ƴan dabino, shi ke nan. In na ajiye masa tuwo sai ya juya masa baya kamar sun yi faɗa. To me ya faru? Wuya ya zama kamar na zakara, hannuwa suka tsotse, idanu suka faɗa ciki. Tumbi kuwa yana nan inda yake, ko gezau. Da ma can mutum ne mai ƙiba. Yanzu ya zama ramammen mutum da ya rungumi tulu. Ana cikin haka wata rana yana awo jiri ya kwashe shi, ya kife a kan buhu, tiya ta yi gefe. Kafin a yayyafa masa ruwa har magana ta zaga sahu: ƙoshi ne ya kayar da shi.

A nan Kafaran Bawa, wato kofur, ya shigo. Maƙwabcinmu ne, tsohon soja tun na zamanin Nasara, kunnensa ɗaya ya mutu, shi ya sa duk maganarsa ihu ce. Ya zo dubiya da sandarsa, ya tsaya a kan Yaya, ya sa bakin sandar ya tokari tumbin, ya kuma tokari damtsen.

Ya ce, "Wa ya ce maka haka ake yi?"

Yaya ya ce, "Hankali."

Ya ce, "Hankalin wa? Yunwa naman hannu da na cinya take fara ci, kitse sai ta ajiye shi na ƙarshe. Na gani a bariki da idona. Jiki sai ka ba shi nauyi ya ɗauka. Ka ɗauka, ka ajiye, ka ci abinci, ka kwanta. Yau aiki, gobe hutu. Ka fara da ƙarami, in ya zame maka wasa ka ƙara. Dusuma, dusuma!"

"Mi ne ne dusuma?"

"A hankali, jahili! Gobe ka tahi wajen masu gyaran kamiyo ka sayo tsohon ƙarfe."

Yaya, da ke kwance kamar gawa, sai ga shi zaune. "In sayi mi? Nauyi? Ni da nauyi ya yi wa yawa, in je kuma in sayo wani?" Ya nuna ɗakin ajiya da haɓa. "Ga gishiri can jibge, ba mai saye tunda dabbobi sun ƙare. Shi ma ya tashi ya yi aiki."

Dusuman nan kuwa ta kunnen hagu ta shiga ta fita ta dama. Washegari, maimakon ƙaramin dunƙulen Tagidda da aka ce ya fara da shi, sai ya je ya rungumo kantu, babban nan da ake ɗora wa raƙumi. Ya tsuguna da shi, ya tashi, ya tsuguna, ya tashi, yana nishi kamar ana yanka sa, har awakinmu suka taru a lungu guda suna kallo. Ya gama ya ce mini, "Kin gani? Wata guda sojan nan yake so in ɓata, ni na gama a hantsi ɗaya."

Da asuba sai na ji, "Habsu! Habsu! Zo ki gani, an sace mini ƙafafu!"

Na je na tarar da shi a kwance kamar an ɗaure. A zaune ya yi sallar ran nan, sujadar ma da ido ya yi ta. Yadda aka ƙare da zancen ban-ɗaki kuwa ba zan faɗa ba, akwai surukai a wurin nan. Kafaran ya zo ya yi dariya har sai da ya dafa bango, sannan ya ce daga yau shi ne kwamanda, ba a taɓa gishiri sai yana wurin.

Haka aka yi. Kullum ranar aiki, in an dawo daga rabo rana ta yi sanyi, Kafaran zai zauna a kan turmina da na kifa, Yaya kuma a tsakar gida daga shi sai wando. Ya rungumi dunƙule a ƙirji ya tsuguna ya tashi. Ya ɗaga shi sama da kai ya sauke. Ya ɗauki ɗaya a kowane hannu ya je bango ya dawo. Kafaran na ihu, "Baya a miƙe! Da gwiwa ake ɗauka, ba da ƙugu ba! Ankor!" Ankor ɗin nan, wato a sake, har yaran unguwa suka ɗauka, in uwa ta zuba musu kunu su miƙa kwano su ce ankor. Ranar hutu kuwa Yaya ya fi kowa biyayya. Ko buta na ce ya miƙo mini sai ya ce, "Yau hutu ne. Umarnin soja."

Ni ina bakin murhu ina kallo, kuma in gaya muku gaskiya ba kullum abin ke ba ni dariya ba. A bayan katangar nan tamu mutane ne ke neman abin da zai tsaya musu a jiki, nama na zubewa daga ƙashinsu ba da sonsu ba. A cikin katanga kuma ga ɗan'uwana yana zuba gumi, yana roƙon Allah ya rage shi. Wata rana na faɗa masa haka. Ya ajiye dunƙulen, ya share fuska, ya ce, "Na sani. Kullum in na tsuguna sai na tuna. Amma mi zan yi? Da ana yankan tumbin nan a raba, wallahi da na kai shi magaza da kaina."

Sannu a hankali ya kai ga kantu, wannan karon da izini. Ya ware guda biyu ya ce su ne na aiki, kuma don kada ya riƙa wahalar shiga ɗaki da su, sai ya jingine su a bayan gida kusa da turken awaki. To daga nan ƙarfi ya fara zuwar masa kamar an buɗe famfo. Yau ya ɗaga da nishi, bayan kwana kaɗan ba nishi, can kuma har yana magana da kantu a sama da kai. Ya fara tafiya yana buɗa hannuwa. Ya ce wa Kafaran, "Anya a barikinku an taɓa yin irina?"

Kafaran ya ce, "Abin ya ba ni mamaki. Ko samari ba sa saurin nan."

Ni dai na ga awakinmu sun koma shan ruwa kamar raƙuma, ruwan da da ƙyar muke samu. Na ga kuma akuyar maƙwabta da jakin mai ruwa sun gano wata ɓaraka a katanga, sun mayar da gidanmu wurin yini. Na je na duba kantun. Ta gaba lafiya lau. Ta bayan da ke jingine da bango kuwa an lashe su sun yi rami, sumul kamar cikin ƙwarya.

Na bari sai da ya gama taƙamarsa ta ran nan, na ce, "Yaya, juya shi."

"In juya mi?"

"Kantun. Juya ka ga ƙarfinka."

Ya juya. Ya ga ramin. Kafaran ya leƙa, ya zame daga kan turmi yana riƙe da ciki. Yaya ya dubi awakin, su ma suna dubansa suna lasar baki, ya ce, "Ashe ba ni kaɗai ke wannan aiki ba." Ba ƙarfin da ya zama na ƙarya ne ya ƙona masa rai ba. Gishirin da aka sha kyauta ne. Har ya rasu bai yafe wa jakin nan ba, in ya gan shi a hanya sai ya ce, "Ga ɓarawon da ya kamata soji su kama."

Aka fito da sababbin kantu, aka koma nishi. Kafaran ya dage sai ya riƙa ci, ya ce nama ba ya ginuwa da iska. To abin da za a ci ɗin ne babu. Geron da ya musanya da gishiri tun kafin fari shi muke lallaɓawa, da ɗan wake, da nonon da awakin nan ke bayarwa wanda bai cika ludayi biyu ba. Gidanmu na da rabo a jar dawa kamar kowane gida, amma tun ranar da aka ba shi tiya ya ce ko ƙwaya ba za ta ƙetare zaurenmu ba. Na yi faɗa. Na ce halalinmu ne. Ya ce, "Awo, halal ne. Amma in aka ga dussarta a bakin turminki, wa zai tsaya tambayar ta halal ce?" Rabon namu bukkoki yake tafiya.

Aikin kuma ya fara ci, na gaskiya wannan karon. Ba a wata ɗaya ba, ba a biyu ba. Na ga ƙullin zariyar wandonsa na matsawa, bakin zariyar na ƙara tsawo har yana reto. Hannuwan da suka tsotse suka ciko, amma da tauri. Ya daina haki in ya tashi daga zaune. Tumbin bai tafi ba, ya dai ja baya, kamar baƙon da aka daina yi wa shimfiɗa amma bai yi sallama ba.

Sai dai ba wanda ya san haka sai ni da Kafaran da awaki. Don me? Don rigunansa. Manyan riguna ne da aka ɗinka wa Illan da, kuma in ya zuba su ya zauna a gaban buhu, iska ta shiga ta cika inda kitse ya bari. Na ce, "Yaya, kawo in kai wa tela ya rage su. Duk wahalar nan don mutane su gani kake yi, ka kuma rufe ta da tanti."

Ya riƙe rigar da hannu biyu kamar zan ƙwace. "A yanke yadi? Lafiyayyen yadi? A zubar?"

"Ba zubarwa za a yi ba, a naɗe ta ciki."

"In an naɗe ta ciki wa zai gan shi? Yadin da ba a gani ai an yi asararsa."

Na ce, "Ramar da ba a gani fa?"

Ya ce, "Wannan daban."

Kun ji mutumin. Ya yarda ya ɗauki kayan raƙumi a ƙirji wata da watanni, bai yarda almakashi ya taɓa rigarsa ba.

Abin da yake tsoro kuwa ya zo. Wani ya kai ƙara. Da hantsi motar soji ta tsaya a ƙofarmu, wani sarjan ya shigo da mutanensa, ba sallama. Suka zazzage ɗakuna, suka soki rufin da bakin bindiga, suka leƙa tukwanena, har randar ruwa. Ba jar dawa, ba dussarta. Sarjan ya tsaya a kan kantun nan biyu masu rami ya ce, "Wannan fa?"

Yaya ya ce, "Doguwar magana ce, ranka ya daɗe."

Suka sa shi gaba zuwa magaza, ni ina biye da mayafi a hannu, rabin unguwa na biye da ni. A filin magaza, rana ta take, sarjan ya ce tunda ba a gida ya ɓoye ba, zai faɗi inda ya kai. Ya sa aka jawo buhu cikakke. Ya ce ya tuɓe riga, ya ɗauka, ya yi ta zaga filin har sai ya tuna. Haka suke yi wa mutane lokacin, kuma mun ga waɗanda aka kwasa daga filin nan a kan tabarma. Na dubi Yaya. Mutum ne da ya ba hamsin baya.

Yaya ya tuɓe rigar, ya ninke ta da kyau, ya miƙo mini ya ce kada in bari ta taɓa ƙasa. Ya dubi buhun, ya dubi sarjan, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau dai ranar hutuna ce. Amma tunda kun matsa."

Ya tsuguna, baya a miƙe, ya rungumi buhun, ya tashi da shi kamar ya ɗauki jikansa, ya saɓa a kafaɗa. Daga cikin taro sai ga ihun Kafaran, "Da gwiwa! Haka!" Ya fara zagawa. Ya zaga, ya zaga, gumi na zuba, amma ƙafa ba ta rawa. Sojan da aka sa ya bi shi da bulala ya gaji da bi, ya koma inuwa. Can Yaya ya tsaya a gaban sarjan. Sarjan ya miƙe, ya ce, "Ka tuna?"

Ya ce, "A'a. Izini nake nema in sauya kafaɗa. In ɗaya ta fi ɗaya aiki, kwamandana faɗa yake yi."

Har sojojin sai da suka juya baya suna dariya. Ni ma na ji wani sanyi a raina. Ga shi tsaye ba riga a gaban duk unguwa, kowa na ganin abin da na daɗe ina gani: cikin ya ja baya, kafaɗu sun fito, zariya na reto har gwiwa. Na ce a zuciyata, to yau dai magana ta ƙare.

Sai na ji wata murya a bayana, ba da ƙarfi ba, irin ta mai gaya wa na kusa da shi. "Kun gani ko? Mu ba ma iya ɗaga buta. Da hatsinmu ya yi wannan ƙarfi."

Na juya ban gane mai maganar ba. Da na komo da idona sai na ga Yaya ya ji. Ya gyara buhun a ɗaya kafaɗar ya ci gaba da zagawa, amma kansa a ƙasa.

Da la'asar suka sake shi. An duba magaza, buhu bai ɓata ba, ba a kuma samu komai a kansa ba. Amma sarjan ya ce wa dattawa a canza mai awo, don ana yawan magana. Aka ba wani siriri kamar karan dawa. A kansa ba zan ce komai ba, jikokinsa na cikin garin nan, wasu ma na jin muryata yanzu.

Muka dawo gida. Na dafa ruwa na gasa masa kafaɗun, duk sun saluɓe. Can ya ce, "Habsu, da ina da ƙiba, ɓarawo ne ni. Yanzu ina da ƙarfi, ɓarawo ne ni. Wace siffa ce ta mai gaskiya, in gwada ta?"

Na ci gaba da gashi.

Na ɗauka ya bar gishiri ke nan. Bayan kafaɗun sun warke sai na ji nishi a bayan gida. Na leƙa na ce, "Don wa kuma? An karɓe tiyar."

Ya ce, "Da don su nake yi. Yanzu gwiwata ce ta saba, in ban yi ba sai ta yi ta tambaya."

Bai daina ba har tsufa, shi ne abin da kuka tarar kuna leƙe. Ruwa ya dawo, mutanen bukkoki waɗanda suka rage suka koma daji, soji suka tafi, wasu sojin suka zo. Maganar magaza ta biyu ta kwanta. Amma ku sani, mantawa aka yi, ba wanke shi aka yi ba, kuma shi ya san bambancin. Ba wanda ya taɓa zuwa zauren nan ya ce, Illa, mun zalunce ka. Suna gaishe shi, suna shan farin shayinsa, suna dariyar labarin jaki. Shi ma yana yi da su.

A ciwonsa na ƙarshe, ya rame har na iya juya shi ni kaɗai. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu ya kama hannuna, har lokacin riƙonsa da ƙarfi. Ya ce, "Habsu, ke kika riƙe tukunya. In wata rana zancen ya tashi..."

Na ce, "Sha kununka. Na san abin da zan ce."

Zancen bai tashi ba, don haka ni na tashe shi. Ga dattawa a nan, ga ƴaƴan waɗanda suka tsaya a sahun nan. Ni Habsu, ni na surfa, ni na niƙa, ni na tuƙa duk abin da ya shiga cikin mutumin nan tun daga farkon fari har ƙarshensa. Ƙwayar jar dawa ɗaya ba ta shiga ba, ko ta halalinsa. Na faɗa a gabanku, zan kuma faɗa a inda ba a dariya.

Allah, ga bawanka Illa ya zo maka. Kai ba ka duban siffa, ka san abin da ya ci da abin da ya bari. Ka yafe masa rowar shayi da taurin kai. Ka yafe wa waɗanda yunwa ta sa suka faɗi abin da suka faɗa, don shi bai tafi da su a rai ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa, ka ba shi hutun da ba aiki a bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.